Yashin da Bai Iso Konni Ba

Ranar Laraba ce, ranar kasuwar Konni, Laraba ta biyu a watan Satumba, cikin farkon shekarun casa'in. Da ƙarfe biyu da rabi na rana muka bar ƙofar buro, wato ofishinmu, a motar aiki, mu uku: injiniyan da ke shugabancin sashenmu na awon ruwa, da direba, da ni. Wani ƙauye muka nufa, gabas da Tsarnawa, a bakin Majiya, inda za a sallami wani dattijo daga aiki bisa zargin ƙarya. Injiniya ya riga ya yanke hukunci a ransa. Ni kuwa na roƙi a tafi da ni, abin da ban taɓa roƙa ba tun da na kama aiki, domin akwai abin da ban gamsu da shi ba.

Majiya ba ta gudu sai da damina. In an yi ruwa mai ƙarfi a kan tuddan Adar, sai ta taso ja wur, ta kwaso ƙasar gonakin mutane, ta je ta zube ta a cikin baraji, wato madatsar ruwan da ke shayar da gonakin rani na Konni. Kowace shekara gindin barajin yana ƙara cikewa, ruwan da yake riƙewa yana raguwa, masu albasa da alkama suna fara kuka tun zafi bai kankama ba. Hukuma tana so ta san yawan ƙasar da ke shigowa kafin ta yanke abin da za a yi. Hanyar sani kuwa guda ce a lokacin: a ɗebi ruwa a kwalba sa'ad da ƙorama ke tsakiyar gudu, a kawo mini. Ɗaki guda gare ni a bayan buro, mai taga ɗaya wadda ba a buɗewa, domin sikeli ba ya son iska. Nakan auna takardar tace ruwa tana busasshiya, in zuba ruwan kwalba a kanta, in ɗauraye kwalbar har sai ba sauran ƙwaya ko ɗaya a jikinta, in busar da takardar a akwatin zafi, in ɗauko ta da matsefata in sake aunawa. Abin da ya ƙaru a nauyi, shi ne ƙasar da ruwan ya ɗauko. Aikin ke nan. Ba shi da wuya, sai dai ba a yin sa da ganganci.

A makarantar mishan inda na tashi, matar da ta koya mana ɗinki takan juya riga ta dubi bayanta kafin ta dubi gabanta. In ta ga zare guda ya karkace, ba ta cewa komai. Reza take miƙowa, ke za ki warware da hannunki ki sake daga farko. Na ƙi jininta ina yarinya. Da na girma sai na tarar ban san wata hanyar aiki ba sai tata. Ma'aikatan buro sukan ce shiga ɗakina ya fi shiga ɗakin tiyata tsanani, domin ba a shiga da takalmi, ba a shiga da goro a baki, ba a kuma jingina da teburin sikeli. Ban taɓa musanta musu ba.

A daminar da nake magana aka aiko mana da wata na'ura daga Yamai, aro, na damina guda. Ƙarfe ne mai siffar gajeruwar taɓarya, da waya mai kauri da ta haɗa shi da wani akwati mai batir. Ana ɗaure ta a jikin ƙafar gada, kanta cikin ruwa. Tana aika wani siririn sauti wanda kunnen mutum ba ya ji. Sautin ya bugi ƙwayoyin yashin da ke yawo a cikin ruwa ya dawo, ita kuma ta saurari ƙarfin dawowarsa, kamar yadda mutum ke jin amsa-kuwwa a tsakanin duwatsu. In yashi ya yi yawa, amsa ta yi ƙarfi. Na'urar ba ta barci, ba ta jin sanyi, ba ta tsoron ambaliya. Amma ba ta san nauyi ba, ƙarfin amsa kawai ta sani. Sai an ɗebi ruwa a kwalba a daidai lokacin da take sauraro, sau da yawa, a manyan ambaliyoyi da ƙanana, a gwada nauyin da na samu da amsar da ta ji, sannan a san amsa kaza tana nufin ƙasa kaza. Wato kwalba ce mai shaidar na'ura. Sharaɗin da aka gindaya mana a fili yake: in gwajin ya yi, a bar mana na'urar, tashar awo ta gadar ƙauyen da muka nufa ta zama ta dindindin, in bai yi ba, a mayar da ita, a rufe tashar.

Mai ɗibar ruwa a gadar shi ne dattijon da na ambata. Manomi ne, ya san lambobi, ya daɗe yana karanta mana allon ƙarfen da ke nuna tsawon ruwa safe da yamma. Da na'ura ta zo aka ƙara masa aikin kwalabe. Aka ba shi dogon sandan ƙarfe mai keji a baki, da kwalabe biyu masu faɗin baki waɗanda suka dace da kejin. In ya ɗebo, sai a juye ruwan a cikin wasu kwalabe masu lamba da ke cikin akwatin katako, a rufe, direba ya zo ya kwaso.

Tun ambaliyar farko awo biyun suka ƙi haɗuwa. Na'ura tana cewa yashi ya cika ruwa, takarduna suna fitowa ba nauyi. Injiniya ya fara zargin na'urar. Ya kwance ta, ya sa ta cikin duro, ya zuba yashin da ya auna da hannunsa yana motsawa, ta amsa yadda ya kamata. Ya dawo kan sikelina. Na ba shi wuri ya duba, bai kuma sami komai ba. Saura dattijo. Injiniya ya ce tsoron ruwa yake, yana jira sai ambaliya ta lafa ya je gefe ya cika kwalba. Ba zargin banza ba ne, domin an taɓa kama wani da irin wannan a wata tasha, kuma duk wanda ya ga Majiya tana dukan ƙasan gada ba zai yi mamakin mai jin tsoronta ba.

Abin da ya hana ni yarda a kan takardun yake. Ruwan da aka ɗiba a gefe bayan ambaliya yakan zo da ƙaiƙayi, da guntun kara, da kashin awaki, da fikafikan gina. Takardun ruwan da ake kawo mini daga tasharmu ta kwarin Badagishiri haka suke, sai na bi su ina tsince tarkace. Na wannan gada kuwa jar laka ce zalla, mai laushi kamar gasara. In na ja matsefata a kanta ba na jin ƙwaya ɗaya ta karta. Ruwan ƙorama, na tsakiya ne ko na gefe, ba ya zuwa da tsabta irin wannan. Bayan haka lakar tana ƙaruwa a ranakun da allo ya nuna ruwa ya hau, tana raguwa in ya sauka, daidai yadda ya kamata. Wanda ya jira ruwa ya lafa ba zai kawo haka ba. Na faɗa wa injiniya. Ya ce, "Madam, ba laka nake nema ba. Yashi ne ke kashe baraji, yashin kuwa babu shi a kwalabensa." Gaskiya ya faɗa, ni ma ban san inda yashin ya shiga ba.

Mun ɗauki lokaci kafin mu fita gari saboda cunkoson kasuwa, amalanke da manyan motocin albasa sun tare hanya. Direbanmu Bagobiri ne, injiniya kuwa Bazabarme, saboda haka akwai wasa a tsakaninsu wanda muƙami bai hana ba. Amarya direba yake kiran na'urar, domin ranar da aka ɗauko ta daga Yamai injiniya ya naɗe ta da bargonsa ya rungumo ta a kujerar gaba.

"Shef, yau za mu gaida amarya?"

"Tuƙa motarka."

"Ina tuƙawa. Ni dai mamaki nake. Bazabarme ya kai amarya ya ɗaure cikin ruwa, ya komo gida ya yi kwanciyarsa. Mu ko akuya ba mu yi wa haka."

"Ku da aka ba ku ita, da kun tsallaka iyaka da ita kafin magariba."

"A'a, Shef, kai za mu tsallaka da kai mu bar ta. Ita tana da amfani."

Injiniya ya yi murmushi duk da nauyin da ke ransa. Ba mugun mutum ba ne. Matashi ne mai son aikinsa, ya kuma sa sunansa a kan gwajin nan. Da muka wuce Tsarnawa muka sauka daga kwalta, direba ya rage murya.

"Shef, tsohon nan na gan shi da idona. Ruwa na dukan ƙasan gada, shi yana tsakiya, ya ɗaure ƙugunsa da igiya."

"Sau ɗaya ka gan shi."

"Sau ɗaya na zo ana ambaliya."

Ba a daɗe ba muka isa.

Gero ya fitar da kai ko'ina, ya fara nauyi. Majiya ta sauka, sai jajayen kududdufai a tsakanin rairayi da ɗan siririn ruwa a ƙarƙashin gada. A can muka tarar da dattijon yana goge allon ƙarfe da tsumma, domin laka takan rufe lambobin ƙasa. Dogo ne, siriri, da farin gemu kaɗan. Na yaba wa injiniya abu ɗaya: bai yi maganar a gaban mutane ba. Ya jira har yaran da suka taru kallon mota suka watse, muka zauna a inuwar wani gawo nesa da hanya. Aka gaisa, aka tambayi damina, aka tambayi iyali.

"Baba, kwalabenka ba su yarda da na'ura ba," in ji injiniya.

"To, Mushe, cikinsu wa ya yi ƙarya?" Mushe shi ne kiran girmamawa da ake yi wa ma'aikacin gwamnati a wajenmu.

"Na'ura na gwada ta. Sikelin Madam na gwada shi."

Dattijon ya dubi ƙasa. "Saura ni ke nan."

"Ina kake tsayawa in ruwa ya zo?"

Ya tashi, ya taka zuwa tsakiyar gada, ya ɗora hannu a kan ƙarfen da ya kare gefen gadar. Daga inda muke muna iya ganin wurin, domin igiya ta cinye fentin har ƙarfen yana ƙyalli. Ya dawo ya zauna.

"Igiya ba ta nuna mini ranakun da ka je da waɗanda ba ka je ba," in ji injiniya. Muryarsa ba ta da ƙarfi.

"Haka ne, Mushe. Ba ni da shaida sai Allah." Ya gyara zama. "Aikin naku ne. Kuna iya amshe abinku yau, ba ni cewa komi, gona ta ishe ni. Amma garin ga duka sun san ni ka ɗibar ruwan gwamnati. In anka ce an kore ni don na yi ƙarya, da wane ido zan shiga sahu? Ina da surukai cikin garin ga."

A nan aka kira la'asar. Injiniya ya ce a bari sai bayan salla. Dattijon ya dube ni ya ce, "Malama ta shiga cikin gida ta huta wajen iyali." Ya raka ni har ƙofar zaure, ya yi sallama ya sanar da matarsa, su uku suka wuce masallaci.

Gidan a share yake tas. Matar dattijuwa ce mai fara'a, tana jan ƙafar hagu, gwiwar ba ta lanƙwasawa. Ta shimfiɗa mini tabarma a ƙarƙashin rumfa, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, sannan ta tashi kawo ruwa. Na bi ta da ido saboda halina ne in dubi yadda mutum ke aiki. Ta ɗauko kwano, ta ɗaure masa wani farin ƙyalle a baki, irin na nailan mai zare a gefe wanda ma'aikatan lafiya ke rabawa a ƙauyuka a shekarun nan saboda kurkunu. Ta ɗebi ruwa daga randa da moɗa, ta zuba ta cikin ƙyallen a hankali. Randar kanta akwai wani ƙyallen a bakinta.

"Inna, ai na randar a tace yake."

"A tace yake, Malama. Amma alkawali munka yi." Ta miƙo mini kwanon da hannu biyu, ta zauna tana miƙe ƙafar. "Kin ga wagga ƙafa? Guda uku sunka fito mani damina guda. Shekarar ko haki ban cire ba a gona, sai an ɗauke ni a kai ni bayan gida. Da masu lafiya sunka zo, sunka ce muna ruwa kada shi tashi daga wani mazubi zuwa wani sai ya bi ta ƙyalle. Matan garin ga munka taru gaban mai gari munka ɗauki alkawali, ni anka sa in riƙa bi ina dubawa. In ni na yi sakaci, wa zan tsawata ma? Tun sa'an nan ba a sake naɗe tsutsa a kara ba cikin gidan ga."

Na ce Allah ya ƙara lafiya. Ina kai kwanon baki sai idona ya faɗa kan akwatin katakonmu a ƙuryar rumfa, an rufe shi da faifai. A gefensa akwai mazurari a kife, wankakke. A kan igiya, daidai samansa, wani farin ƙyalle yana shanye, wanda tsakiyarsa ta rine ja.

Na sauke kwanon.

"Inna, wa ke juye ruwan gada a cikin waɗannan kwalabe?"

"Ni mana. Ran ambaliyar fari shi ya soma, amma ya taso daga gada jiƙe sharkaf, hannu na rawa don sanyi, yana zubarwa. Nic ce kawo nan. Yac ce in girgiza ƙwarai, kada in bar komi a gindi. Haka ni ka yi. Shi ya koma duban allo, kafin shi komo na wanke mashi biyun nan na aje."

"Da wancan ƙyallen kike juyewa?"

"Da shi. Na ware mashi nashi daban, ba ni gama shi da na sha." Ta yi murmushi. "Mai mota ya gaya mani mace ce ka taɓa ruwan da hannunta can birni, kullum, ita kaɗai cikin ɗaki. Nic ce wagga baiwar Allah ba ta kamuwa da abin da ya kama ni ta dalilin gidana. Ruwan Majiya kuwa, Malama, ba ki ga abin da ka tsayawa bisa ƙyalle ba. Ashe ke ce."

"Ni ce."

Na tambaye ta inda take kaɗe ƙyallen. Ta nuna mini gindin wani zogale a jikin katanga. Na tashi na je. Akwai ɗan tsibin yashi mai haske a wurin, wanda bai yi kama da ƙasar tsakar gidan ba, ba zai fi cikin ƙaramar ƙwarya ba, gauraye da ƙaiƙayi da guntayen kara. Kaji sun tone shi, ruwan sama ya ja wani. Na ɗebi kaɗan na murza a tsakanin yatsuna. Yashin ambaliyar farko yana ciki, da na babbar ambaliyar da ta kusa hawa gada, da na dukan sauran, ba kuwa sikelin da zai raba su. Na daɗe a tsugune. Sannan na dawo kan tabarma na ɗauki kwanon na shanye ruwan duka, domin don ni aka tace shi.

Da mazan suka dawo na tare su a zaure na faɗa musu abin da na gani, a taƙaice, ba ƙari. Injiniya ya riƙe kai da hannu biyu. Direba ya ce, "Innalillahi," a hankali. Can injiniya ya sauko daga dakalin da yake zaune, ya durƙusa a gaban dattijon.

"Baba, na zarge ka da abin da ba ka yi ba. Ka yafe mini."

"Tashi, Mushe, ba komi. Awo ka bi." Dattijon bai nuna murna ba. Ya juyo gare ni. "Ban sani ba, Malama. Amma gidana ne, abin da anka yi cikin gidana ni na yi shi. In za ki rubuta, ki rubuta ni na tace."

"Ba zan rubuta abin da ba a yi ba, Baba."

"To kada ki sa iyalina cikin takardar gwamnati. Ta tsufa. In mata sunka ji ta ɓata aikin hukuma da ƙyalle, ba mai sake jin maganarta."

"Ba zan sa ta ba. Zan rubuta an ɗebi ruwa a inda ya kamata, a lokacin da ya kamata. Zan rubuta an tace shi wajen juyewa bisa ƙa'idar lafiya da ake bi a garin, domin kwalaben ɗiba biyu kawai buro ya bayar, umarnin buro kuma bai ambaci tacewa ba. Duk wannan gaskiya ne."

Ya gyaɗa kai. "Ke ki gaya mata. In ni na faɗa, gani za ta yi faɗa ne."

Na koma ciki. Na ce mata ruwan sha kada ta daina tacewa, ko na randa ko na kwano, ko da wa ya ce ta daina. Amma ruwan kwalaben nan ba mai shan sa, kuma dattin da ke ciki shi nake nema.

"Datti kike biɗa?"

"Shi ne aikina, Inna. Shi nake aunawa."

Ta dubi ƙyallen da ke kan igiya, ta dubi gindin zogale. Fara'ar ta bar fuskarta. "Na ɓata mashi aiki?"

A makaranta an hore mu kada mu yi ƙarya ko don lallashi, ban kuwa ga dalilin farawa a ranar ba. Na ce, "Awon bana ya ɓaci. Sunansa kuwa bai ɓaci ba, yanzu aka wanke shi a zaure. Ni kuma na gode da abin da kika nufa." Ba ta yi kuka ba. Ta tashi da ƙyar ta kwance ƙyallen daga igiya, ta ninke shi, ta sa a ƙarƙashin faifai. Da zan tafi ta ba ni busasshen zogale a ƙullin leda, na karɓa.

A hanyar komawa, kafin mu hau kwalta, injiniya ya ce direba ya tsaya. Ya juyo daga kujerar gaba.

"Madam, yanzu mun san na'ura daidai take. Lakar tana hannunki, yashin kawai ya ɓace. In na ƙiyasta shi daga amsar na'ura, kika ƙara a kan awonki, komai zai haɗu. A bar mana na'ura, tasha ta tsaya, Baba ya ci gaba da aikinsa. Ba ƙarya ba ce. Yashin yana nan, kin gan shi da idonki."

"Na gan shi a gindin zogale, kaji sun tone. Ban san na wace rana ba ne."

"Ƙiyasi ne, ana yi ko'ina."

"A rubuta ƙiyasi ne, ba zan hana ba. Amma ba za a rubuta na auna ba. Kwalba aka sa ta shaidi na'ura. In na'ura ce ta gaya wa kwalba abin da za ta faɗa, ba a yi shaida ba. Gobe a kan wannan awo za a yanke abin da za a yi da baraji, mutanen da ke noma a ƙarƙashinsa kuwa ba su san an yi gyara a mota ba."

"In an rubuta ƙiyasi, Yamai ba za su karɓa ba. Kin sani."

"Na sani."

Direba, wanda bai taɓa sa baki a maganar awo ba, ya dube ni ta madubi. "Madam, tsohon fa?"

"Na ji abin da ya roƙa a gindin gawo. Ba aiki ya roƙa ba."

Direba ya tada mota. Ba a sake kiran amarya ba har muka shiga Konni, kasuwa tana watsewa. Injiniya ya yi kwanaki ba ya gaishe ni sai da kai. Ban riƙe shi da wannan ba. Sunansa ne a kan gwajin, ba nawa ba. Amma bai sake tayar da maganar ba, kuma da na kai masa rahoto ya karanta a tsaye ya sa hannu bai canza kalma ɗaya ba.

Abu ɗaya ya rage mana, shi ne damina ta ƙara ba mu ambaliya, ko biyu ko uku, kafin ta ɗauke. Injiniya ya aika aka aro kwalaben ɗiba daga tashar Badagishiri, akwati guda, yadda kowace za ta taho a rufe daga gada zuwa teburina ba tare da an juye ba. Ni na wanke su da hannuna, na busar, na auna takardun tacewa na jera su a shirye. Direba ya gaya mini duk ranar da hadari ya haɗu a gabas dattijon yakan bar gona ya je ya zauna a bakin gada, igiya a ƙugu, sandan ƙarfe a kan cinya, akwatin kwalabe a gefensa. Hadari ya yi ta haɗuwa yana wucewa. An yi yayyafi wanda ya ishi wake, bai kai ya motsa ƙorama ba. Ni ma kowace safiya kafin in buɗe ɗakina nakan tsaya in dubi gabas, abin da ba halina ba ne. Gero ya nuna, aka shiga yanka. Ran nan na ga an fara ɗaura dammuna a kan amalanke, sai na kwashe takardun da na jera na mayar da su cikin gwangwaninsu.

Majiya ba ta sake tasowa ba a shekarar. Bayan girbi aka kwance na'ura aka mayar da ita Yamai, aka rufe tashar gadar. Injiniya ya je da kansa ya faɗa a gaban mai gari cewa dattijon ya yi aikinsa daidai, sannan aka sallame shi.